Maɓalli Na Biyu

Tsakiyar Fabrairu

Zuwa ga maigidana, Baban Nagisa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya sanyi, yaya aiki, yaya kuma gwiwar nan taka? A labarai sun nuna ƙanƙara ta binne motoci a Hokkaido, na ce to ga shi can yana fita ba hula saboda taurin kai. Mu nan lafiya lau. Bishiyar bayan shago ta fara fure, Nagisa kuma tana ta shirin kammala makaranta. Na haɗo maka busasshen kifi da safa mai kauri. Kifin ka gasa shi sama-sama, kada ka ƙona kamar na bara.

Takarda na rubuto don na san halinka da waya. Da an taɓo maganar da ba ka so sai in'inarka ta tashi, ka ce ruwa yana tafasa, ka kashe. Wannan dai sai ka karanta ta har ƙarshe.

Ka ce ba za ka samu zuwa bikin kammala sakandaren 'yarka ba, wai aiki ya yi yawa. Haka ka ce da sabuwar shekara, haka ka ce lokacin ziyarar kabarin iyayenka. Isao, shekara ashirin da 'yan kai ni nake yi maka aski, na san kan nan ciki da waje. Katun ɗin nan na talabijin da ɗan ajinmu Ebihara yake zanawa ne ya hana ka zuwa gida.

Tun da ka ƙi kallo, bari in gaya maka abin da duk ƙasar nan take kallo kowace Asabar. Sunan shirin «An Kaɗa Ƙararrawa». Makarantarmu ce ya zana tsaf, har matakalar nan mai karyayyen baki da gangaren da ke sauka zuwa teku. A ciki akwai wani yaro mai dogon wuya da in'ina, ya sa masa suna Misao, ko wahalar nisanta sunan da naka bai sha ba. Kowane mako yaron nan sai ya ɗauki almakashi ya sassauta maɓalli na biyu na rigar makarantarsa, ya bar shi a zare ɗaya, don idan wata ta zo ta roƙa, kamar yadda 'yan mata suke roƙon na wanda suke so ranar kammalawa, kada ya ɓata mata lokaci. Ba wadda take roƙa. Sai maɓallin ya faɗi ya yi ta gangarawa, yaron ya bi shi da rarrafe. Kai sau ɗaya ya same ka, a kan dandamali, ranar da muka gama. Shi ya mai da shi na kullum.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zancen almakashin. Mu duk da muke zauren ranar mun ɗauka zare ne kawai ya tsinke. Ni kaina, matarka, a talabijin na fara sanin cewa da gangan ka sassauta shi. Mutum ɗaya ka gaya wa, abokinka Ebihara, wanda ya shekara uku yana sa sandunan cin abincinsa a cikin kwanonka. Ya riƙe maganar har ya ga ta yi daraja, sannan ya kai ta kasuwa.

Yanzu baƙi ne cike da gari. Su sauko daga jirgin ƙasa da kyamara a wuya, su ɗauki hoton ƙofar makaranta, su sayi biskit mai siffar maɓalli a tasha. A aji kuwa samari suna gangaro wa Nagisa maɓallai ta ƙarƙashin tebur. Ba ta kuka, jinina ce. Tsincewa take ta kawo min, na cika kwalba guda da su a shago.

Shekaranjiya aka sanar cewa magajin gari zai karrama Ebihara. Za a nuna kashi na ƙarshe na shirin a zauren makaranta, ana gobe bikin su Nagisa, da 'yan talabijin da komai, a naɗa shi jakadan gari. Wato shi zai shigo ta babbar ƙofa ana tafi, kai kuma kana can ƙarshen ƙasa kana ɓuya daga bikin 'yarka. Ban kwana biyu ina tunani ba na ga wannan ba zai yiwu ba ina raye. Ban san abin da zan yi ba tukuna, amma zan yi.

Nagisa tana gaishe ka. Ka riƙa sa hula.

Matarka,
Harue

Farkon Maris

Baban Nagisa,

Bayan gaisuwa, ina fatan tarin da ka ambata ya sauka. Ka sha citta da zuma, ka daina kwana da taga a buɗe. Takardarka ta iso, na karanta layukan nan naka guda huɗu har da na biyar da ka soke. Ka ce a bar shi, yara ne mu a lokacin. To a lokacin yara ne. Mai gemun da ya zauna ya zana ka yana karɓar lambar yabo fa, shi ma yaro ne?

Na samo abin da zan yi, kuma a kujerar shagona na samo shi. Ka san duk kan macen da ke garin nan sai ya biyo ta hannuna. Ranar Talata ina wanke wa Gwaggo Sugano kai, matar marigayi malaminmu na wasanni, sai na ji ruwan da ke gangarowa a kumatunta ba na famfo ba ne. Ta ce, "Harue, kin ga yadda ya mai da malam? Mashayi mai gashin aro. Mutumin da ko ranar aurenmu shayi ya sha." Na ce, "Gashin aron fa, Gwaggo?" Ta ce, "Wannan kam gaskiya ne, amma ina ruwansa?"

Daga nan na fara tambaya. Ashe kusan kowane gida yana da nasa a cikin shirin, kowa ya yi shiru yana yi wa na maƙwabci dariya. Mai kifi an zana uwarsa, mai gidan wanka an zana yayarta. Kai ne dai ka fi kowa samun rabo.

Ga shirinmu. Ba wanda zai ƙaurace, ba wanda zai ɗaga allo ko murya. Za mu je da kayanmu masu kyau, mu cire takalmi mu jera, mu rusuna wa baƙo yadda ya kamata. Idan aka kunna katun ɗin, ba mai dariya. Ko murmushi babu, daga farko har ƙarshe, a gaban kyamarorin da shi ya gayyato. Mutanen da suka iya zaman makoki wuni guda fuska ba motsi, rabin awa ba za ta gagare mu ba. Mai sana'ar ban dariya ba zagi yake tsoro ba, zagi ma abinci ne a wurinsa.

Wahalar ɗaya ce, kuma kai kaɗai zan gaya wa: la'anannen ya iya. Akwai wurin da shugaban makaranta yake faɗa da akuyar kulob ɗin noma, ni kaina sai da na shiga banɗaki na toshe baki da tawul. Don haka muke atisaye. Ina kunna tsofaffin kashi a shago mata suna zaune da abin naɗe gashi a ka, duk wadda ta yi dariya ita za ta share gashin ƙasa. Na koya musu cizon cikin kumatu. Matar mai kifi ta ce ita surukarta kawai take tunawa, nan take fuskarta ta ɗaure. Mazan kuwa matansu sun gama da su, an gaya wa kowa inda zai ci abincin dare idan haƙorinsa ya fito. 'Yan ajin ƙarshe Nagisa ta ɗauki nauyinsu, har samarin nan masu maɓalli, ban tambaye ta yadda ta yi ba.

Da safen nan mahaifiyar Ebihara ta zo ta sa ranar gyaran gashi saboda bikin. Zan yi mata shi da kyau, ita ba ta yi min komai ba. A layin gaba za ta zauna, wannan kuma ɗanta ya jawo mata. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Ba izininka nake nema ba. Ina gaya maka ne don ka san idan an gama za ka iya sauka a tashar nan kanka a sama. Ka taho washegari a jirgin safe, kwat ɗinka na goge tana rataye.

Taka har kullum,
Harue

Ƙarshen Maris

Isao,

Ina gaishe ka, don an koya min gaisuwa. Ina fatan ka isa lafiya, gwiwar kuma ba ta matsa maka a jirgi ba. Ka manta da burushinka.

Kwana biyun da ka yi a gida ban yi maka maganar ba saboda Nagisa, ba na so in ɓata mata biki. Yanzu za ka ji. Kai a can baya ka laɓe kusa da ƙofa, ba ka ga abin da na gani daga layi na uku ba, don haka bari in nuna maka abin da ka rushe.

Komai ya tafi daidai. Ebihara ya shigo da jar kwat da gilashi mai launi, ya hau dandamali ya ce, "Na dawo gida, ku ɓoye maɓallanku." Ya tsaya yana jiran dariya. Tarin wani tsoho kawai aka ji. Ya ɗauka kunya ce, ya ce a kunna. An ajiye masa kujera a gefen allo yana fuskantar mu, don kyamara ta ɗauki fuskarsa da tamu tare. Wasa na farko ya wuce, na biyu ya wuce. Akuyar ta fito, Gwaggo Sugano ta damƙe hannuna har farcenta ya shiga, amma ba ta motsa ba. Zaure cike da mutane, kana jin ƙarar injin ɗumama ɗaki. Na ga ya cire gilashin ya goge ya mayar. Na ga gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya fara bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya, 'yan ajinmu, maƙwabtansu, yana neman ko mutum ɗaya. Da idonsa ya zo kaina na yi masa kallon da nake yi wa kwarkwata. Wani mai kyamara ya sauke ta daga kafaɗa. Ban taɓa jin daɗi irin na lokacin ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Sai maɓallin ya faɗi a allo, yaron ya durƙusa. Sai ga dariya daga bayan zaure, irin mai sarƙewar nan kamar tsohon babur yana ƙin tashi. Ban buƙaci juyawa ba. Mutum ɗaya ne a duniya yake dariya haka, kuma ni na ce masa ya taho washegari.

Kowa ya juya. Kana tsaye da jakarka a hannu, da silifan da makaranta take ba baƙi a ƙafa, kana dariya har kana dafa bango. Matar mai kifi ce ta fara fashewa, surukar ma ba ta cece ta ba. Daga nan zauren ya tafi gaba ɗaya, dariyar da na yi wata guda ina tarewa ta ɓalle a kan kowa. 'Yan talabijin sun samu abin da ya fi wanda suka zo nema. An nuna ka a labarai, wai ainihin Misao ya zo da kansa.

Ebihara bai yi dariya ba, wannan na gani. Ya sauko ya bi tsakiyar zaure har inda kake, ya rusuna ya daɗe bai ɗago ba. Ban san abin da ya ce maka ba, kuma kada ka gaya min. Rusunawa ba ta goge kashi ashirin da huɗu.

A tasha da na tambaye ka dalili, jirgi yana shigowa, ka ce, "Harue, ranar da na bi maɓallin nan ba wanda ya yi dariya. Da mutum ɗaya ya yi, da na miƙe na yi tare da shi. Shirun zauren nan ni kaɗai na san nauyinsa, ba zan tsaya in ga an ɗora wa wani ba." Ko sau ɗaya ba ka sarƙe ba. Na tsaya da jakar abincinka a hannu har sai da mai tasha ya karɓa ya miƙa maka ta ƙofa.

Ban yarda da kai ba. Kai ba ka yi wa kowa komai ba ranar, shi kuwa ya yi. Saura minti kaɗan ya sha abin da ya dama, ka zo ka karɓe kofin.

Amma ka zauna kusa da ni da aka kira sunan Nagisa, ka bi titin kasuwa da rana tsaka kana amsa gaisuwa, mai kifi yana tsokanarka kana ramawa. Ka ce za ka nemi a dawo da kai reshen wurin aikinku na garin nan kafin damina. Ka nema, kada in ji zancen aiki ya yi yawa.

Jiya Ebihara ya zo shago da kwalin kayan zaƙi. Na bar shi tsaye a bakin ƙofa har na gama kai biyu, sannan na karɓa na ce ya gaida mahaifiyarsa. Ya tambaya ko zan rage masa gashi kafin ya koma Tokyo. Na ce ya zauna mana, almakashina da kaifi. Ya dubi almakashin, ya dube ni, ya ce ya tuna jirginsa ya kusa.

Kada ka ɗauka na huce. Fiye da shekara ina neman dariyar nan taka, a waya, a takarda, da kifi da safa da labaran shago, ban samu ko rabinta ba. Sai wasan mutumin nan ne ya fito da ita a gaban gari. Wannan ma na ƙara a kan laifinsa.

Nagisa tana gaishe ka, Gwaggo Sugano kuma ta ce ka kiyayi haɗuwa da ita. Ka dawo da wuri, gashinka ya yi yawa.

Matarka, duk da haka,
Harue