Inna Ba Ta Ci Sai A Hannun Hajo

Malam Mai Shawara,

Don Allah ka agaje ni, mahaifiyata na ƙarewa da yunwa a gidan da ba a taɓa rasa tuwo ba. Ni akawu ne a En'e, gidanmu yana unguwar Soron Ɗinki. Fulani ne mu, ko da yake rabonmu da shanu tun kakanni. Da daminar bara ɓarin jikin Inna ya shanye. Sai an ɗaga ta, sai an yi mata wanka, sai an ba ta a baki.

Ni ne ɗanta na fari, ka kuwa san yadda abin yake a wajenmu. Tun da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa cin abinci a gabana ba. In na shiga gaishe ta, bango take kallo. Matata kuma suruka ce, Inna ta gwammace mutuwa da ta bar ta ta ga jikinta. Autarmu Murja, wadda ta sha goyo da kirari, tana aure a Nguru. Abin da muke samu daga gare ta gaisuwa ce a bakin masu saukowa daga jirgin ƙasa.

Na shiga neman mai jinya, daga cikin waɗanda aka kawo mini na zaɓi Asibi, wata bazawara daga wajen Kura, ƙaƙƙarfa, mai tsabta, ba ta wasa da salla. Wallahi ba ni da ta cewa a kan aikinta. Amma ba ta san fulako ba, wato kunyar nan tamu ta Fulani. In ta kai fura Inna ta ce ta ƙoshi, sai ta rufe ƙwaryar da faifai ta fito da ita. Inna kuwa ko hanjinta na kuka ba za ta buɗe baki gaban baƙuwa ba. Na yi wa Asibi bayani, ta nace, ta lallasa, Inna ta datse haƙora. Yanzu awarwaronta har wuce gwiwar hannu yake yi.

To ga inda baƙin cikin yake. Akwai wata Hajo a unguwar Kabara, 'yar kawun Inna, wato taubashiyarta, wadda ba kunya tsakaninsu sai tsokana. Tsohuwa ce, baki ja jir da goro, ba ta da mutunci ko na anini. Ranar da muka binne mahaifina, a gaban 'yan zaman makoki ta ce ɗan da ke yi wa Nasara rubutu ba zai iya yi wa ubansa addu'a ba. Na rantse ba za ta ƙara taka gidana ba. Makon jiya ina ofis ta faɗo. Matata ta ce tun daga zaure take yi wa Inna tsiya, wai lalaci ne ya kwantar da ita, wai ta ƙi mutuwa ne don rowa kada a ci gumbar sadakarta. Inna ta rama da karkataccen bakinta, ta yi dariya, ta shanye fura tas a hannun Hajo har da neman ƙari.

Bappa Yero, ƙanen mahaifina, ya ce in sallami Asibi in ɗauko Hajo. Hajon da ko tulu ba ta iya ɗagawa, balle mutum. Ta kuma aiko wai sai na je da ƙafata na roƙe ta. Malam, ni ke ciyarwa, ni ke kai da kawowa wajen likita, amma ko kallo ban isa ba, mai zagina ce ke samun dariyar Inna. Abin yana cin raina, ba zan ɓoye maka ba. Wa zan riƙe, wa zan saki?

Ɗan Farin Da Ba A Kira

Malam Ɗan Fari,

Na ji zafinka, kuma kana da gaskiya. Maganar da Hajo ta yaɓa maka a makoki ba wasa ba ce, cin fuska ce. Sai dai wanda bai ci ba ba ya jiran a gama shari'a, Inna kuwa ta riga ta nuna muku hannun da za ta ci a ciki.

Bappanka ma bai duba da kyau ba. Kada ka saki Asibi. Ita ce mai ɗagawa da wanka da juya Inna akai-akai don kada bayanta ya yi gyambo. Hajo kuma ta riƙe ci da hira. Ka faɗa wa Hajo a gaban Bappa cewa Asibi ba 'yar aikenta ba ce. In ana ci, Asibi ta riƙa zama bakin ƙofa da ɗan aikinta a hannu har baƙuntarta ta goge, domin Hajo ma tsohuwa ce, tana iya kwantawa.

Rantsuwarka kuwa, malamin unguwarku zai gaya maka kaffararta, ba ta kai ran uwa ba. Ka hau kekenka ka tafi Kabara gobe, ba jibi ba. Za ta yi maka baƙar magana, ka shanye.

Sunan nan da kake jira, Inna ba za ta kira ba. Haka aka raine ta, ban kuma ce ba ciwo ba. In sun fara ci kada ka leƙa, in ta gan ka za ta rufe baki. Ka zauna a zaure, ka ji dariyarta ta katanga, ka ga an fito da ƙwarya ba komai a ciki. Rabonka ke nan, ka karɓa tun tana da rai.

Allah ya ba Inna sauƙi, kai kuma ya sanyaya maka zuciya.