Ki Karanta Musu Wannan Ma

Yaya,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Ya jikin Mama? Ya yara? Ni lafiya lau, sai aiki.

Amma raina a ɓace yake. Wa ya aike ki ki miƙe a coci ki karanta wasiƙata da sunan shaida? Har da tafi, wai Ubangiji ya ɗaukaka ni! Don kada hankalin Mama ya tashi na cika ta da daɗin baki. Zannuwan gadon marasa lafiya nake wankewa a ƙasan wani asibiti, ɗakin ko taga babu. Wata huɗu rabona da addu'a. In na buɗe baki sai in ji zuciyata wayam.

Ranar da saƙonki ya iso, na shige ɗakin ajiyar tawul na rufe ƙofa. Ko durƙusawa ban yi ba. Na ce, "Uba, ka ji tafin nan? Kai ka san ƙarya ce. Na gaji!" Na yi ta zazzaga masa faɗa har muryata ta dishe. Bai kore ni ba, Yaya. Na fito ƙirjina sakayau. Yanzu kullum da hutun rana can nake zuwa, wani lokacin har in gode masa.

Ke kam ban huce ba tukuna. Ki aiko min da littafin waƙoƙina. Allah ya tsare ku.

Ran Lahadi ki miƙe ki karanta musu wannan ma. Kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Ƙanwarki