Hodar da Na Shafa Ce, Ko Wani Abu Ne a Hoton?

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, in kin ga ina zagaye-zagaye ki yi haƙuri da ni.

Shekaruna arba'in da huɗu, ina da aure da yara uku. Ina aiki a gidan burodi, ɓangaren da ake sa burodi a leda. Teburinmu a jikin bangon tanda yake. Burodi na fitowa da zafinsa a jera mana a kan tire, mu jira ya sha iska mu ƙulle. Fanka ɗaya ce a ɗakin, ita ma zafin kawai take juyawa. Dukkanmu matan wurin muna fama da ƙurajen zafi a ƙirji da hammata, shi ya sa kowacce da gwangwanin hodarta a aljihun rigar aiki. Da an samu sarari sai mu shiga bayan labule mu barbaɗa har ƙarƙashin rigar mama. Ba don kwalliya ba, don dai fata ta bar mu mu yi aiki.

Watan jiya wata ƙungiya ta kawo babbar mota mai na'ura filin da ke bayan layinmu, ana yi wa mata hoton mama kyauta. Manaja ya ce mu je biyu-biyu lokacin hutun rana, kada a bar tebur ba kowa. Ni ban ma yi niyya ba, tunda ba kumburi ba ciwo. Abokiyar aikina ce ta ja ni, wadda muke kira Dokta saboda babu cutar da ba ta da maganinta a jaka, alhali karatunta bai wuce nawa ba. Kafin mu fita na ji kunyar in tuɓe a gaban mutane ina warin gumi, sai na ƙara hoda, na ƙara da kyau, na bi da turaren hammata. Layi ya yi tsawo, ma'aikaciyar da ke ɗaukar hoton tana sauri, ba ta tambaye ni ko na shafa wani abu ba, ni kuma ban san abin faɗi ba ne.

Bayan kwanaki aka kira ni a waya ina tsakiyar aiki. Wata mata ce mai sanyin murya. Ta ce hoton gefen hagu bai fito sarai ba, akwai wurin da likita ke son ya sake gani, ana buƙatar ƙarin hoto da sikanin. Ta ce kada in tayar da hankalina. Anti, wa za a gaya wa haka hankalinsa ya kwanta? Na tambaya yaushe motar za ta dawo. Ta ce motar hoton farko kawai take yi, sauran sai a asibiti, kuma da kuɗina. Na je asibitin da ta ambata na tambayi mai karɓar kuɗi. Abin da ya faɗa ya haura albashina na wata. Na yi masa godiya kamar wadda aka yi wa kyauta, na fito.

Ba wai ba mu da komai a ajiye ba. Akwai abin da muka tara ni da maigidana, amma yana da gurbinsa. Shi direba ne, ƙaramar motar ɗaukar kaya yake ja, tasa ce, da ita muke biyan haya da kuɗin makaranta. Injin ya buga, tana garejin bakanike har kura ta rufe gilashin. Yanzu sai in wani direban ya gaji ya ba shi tasa ya ɗan zaga. Mun kusa haɗa kuɗin wani injin na hannu, bakanike ya ce zai riƙe mana shi zuwa ƙarshen wata, in mun wuce ya sayar. In na taɓa kuɗin nan, injin ya tafi.

Ban gaya masa ba. Yayarsa, wadda ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kansar mama ce ajalinta. Shi ya yi jinyarta, a motar nan yake kai ta asibiti. Har yau in ana maganar cutar a rediyo sai ya murɗa tasha. Na san halinsa. In na faɗa zai miƙo min kuɗin, ya haƙura da injin, sannan ya daina cin abinci. In kuma aka duba aka ce babu komai, na jefa mu cikin wahala a banza.

Da na gaya wa Dokta sai ta tuna min hodar. Ta ce ta taɓa jin hoda tana fitowa a hoton kamar farin ɗigo, ni kuwa na shiga motar hoton nan kamar an tsamo ni daga buhun fulawa, ai dole na'ura ta rikice. Muka yi dariya, raina ya yi sanyi na yini guda. Ta ce in bar kuɗina, in jira motar ta dawo baɗi in je da wankakken jiki. Amma in na shiga wanka hannuna ba ya barin gefen hagun nan. Wani lokaci in ji kamar akwai abu, wani lokaci babu. Na soma ƙulle leda a karkace har manaja ya yi min magana. Babbar 'yata ta tambaye ni ko mun yi faɗa da babansu ne.

Anti, in jira? In gaya masa? Ko in bari a sa injin tukuna, in mota ta tashi in yi maganar?

Mai ƙulle burodi

*

'Yar'uwa, sannu da wannan nauyi. Ni ba likita ba ce, don haka na karanta wasiƙarki ga wata likita da aikinta ke nan, duba irin waɗannan hotuna. Abin da ta fara cewa shi ne, a sake kiran mace bayan hoton farko ba baƙon abu ba ne, musamman wadda ba ta taɓa yi ba, domin babu tsohon hoton da za a gwada da shi. Kuma mafi yawan waɗanda ake sake kira, ba a samun kansa a jikinsu. Ba a ce kina da cutar ba. An ce ba a gani da kyau ba.

Dokta ta faɗi rabin gaskiya. Hoda da wasu turarukan hammata suna iya barin ɗigo a hoton, likitar ta tabbatar. Sai dai daga ni har ke har Dokta babu wadda ta ga hoton. Mai yiwuwa hodar ce, mai yiwuwa ba ita ba ce, kuma sake dubawar ce kaɗai za ta raba gardama. Jiran baɗi kuwa shi ne shawara ɗaya da ba zan yarda da ita ba. In babu komai, kin sayi shekara guda ta fargaba. In akwai, kin ba shi shekara guda ya yi girma. Yatsunki ma ba za su ba ki amsa ba, ki daina matsa wurin. Amma in kika ga ƙullutu a fili, ko ruwa ko jini daga kan nono, ko fatar ta canza, kada ki jira komai, ki tafi asibiti.

Batun kuɗi, farashi ɗaya kika ji, a taga ɗaya. Ki koma ga matar da ta kira ki, ki nemi rubutaccen sakamako da kwafin hoton, don kada a sa ki biyan abin da aka riga aka yi. Ki gaya mata batun hodar ba tare da kunya ba. Ki tambaye ta wane gwaji ne na farko, domin wani lokaci ƙarin hoton gefe ɗaya ya isa a rufe maganar. Ki tambaya ko ƙungiyarsu tana da tanadi ga matan da aka sake kira, wasu suna da shi amma sai an tambaya. Sannan ki ji farashin asibitin gwamnati, ki nemi ofishin da ke taimakon marasa ƙarfi, ki tambaya ko ana biya kashi-kashi. Manajan da ya ba ku izinin zuwa, ki roƙe shi rance daga albashi. Ban ce duka za su yi ba. Amma zai yi wuya farashin ya tsaya inda kika ji shi. Ranar gwajin, ki je ba hoda ba turare, ko da ƙurajen za su dame ki.

Saura maigidanki. Tsoronki yana da tushe, kuma injin nan ba ƙaramin abu ba ne, abincin gida ne. Amma yanzu kin yanke hukunci ke kaɗai a kan kuɗin mutum biyu da rayuwar mutum biyar. Mutumin da ya yi jinyar yayarsa ya fi kowa sanin darajar a duba da wuri. Abin da zai fi yi masa ciwo shi ne ya ji daga baya cewa kin yi shiru saboda mota. Ki same shi yara ba sa gida, ki faɗa masa kalmomin da aka faɗa miki ba ƙari, ki ajiye masa farashin da kika samo. Shi ya san yadda ake magana da bakanike, wataƙila bakaniken ya karɓi wani abu daga kuɗin ya ƙara muku lokaci. In kuwa abin ya tsaya a kan ɗaya tilo, gwajin ne gaba. Za a sake samun inji a kasuwa, ko da an sha wuya kafin nan.

Kada wannan makon ya ƙare ba ki karɓi ranar gwaji ba. In maigidan ya miƙo miki kuɗin, ki karɓa, ki ce ya raka ki. Zama kusa da ke a bencin asibiti zai fi masa sauƙi a kan zama a gida yana tunani.

Allah ya sa hoton ya fito fes, ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya buɗa muku ta inda ba ku zata ba.