Shuɗin Ɗigo a Wuyan Samira

Litinin, 9 ga Satumba 2024

Samira ta sake ƙin abinci. Na dama mata kunu da madara, ta kalle shi ta kawar da kai. Cikinta ya yi tauri, kashi sai da kuka. A asibiti sun ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro, mun shanye maganin, zazzaɓin ya tafi amma yarinyar ba ta dawo daidai ba.

Da can, hantsi na yi sai ta biyo ni ɗakin aiki, ta zauna inda hasken tagar nan mai launi yake zuba a ƙasa. Ita ce taga ta farko da na haɗa da hannuna bayan na dawo daga koyo a Yamai, duk ta karkace, shi ya sa ban sayar ba. Samira takan ɗora tafinta a kan jan hasken ta ce “ja”, ta dube ni in yaba mata. Kalmominta ke nan: Mama, ruwa, a'a, ja. Yau ta zauna a wurin ba ta ce komai ba, tana ta tsotsar abin wuyanta.

Laraba, 11 ga Satumba

Saƙonni sun cika waya. Rabinsu masu tambayar “nawa?” ne, ka ba su amsa su ɓace. Wani alhaji a Doso yana son gilashin saman ƙofa mai kore da ruwan zuma. Sauran duk ɗigo suke so.

Abin dariya, na yi shekaru ina yanka gilashi ina haɗa tagogi da fitilu, ban samu kasuwa ba sai a kan guntun da nake zubarwa. Ɗan shuɗin gilashi ne mai siffar ɗigon ruwa, na zagaye shi da dalma na yi masa kunne. Wasa na yi. Inna ce, lokacin da ta zo ganinmu bara, ta ɗauke shi ta zura a zaren wuyan Samira kusa da layarta, wai shuɗi yana kau da idon mutane. Na ɗauki hoto na sa a shafina. Tun daga ranar, duk mai jego ɗigo take nema, kuma hoton Samira ne a goshin shagona na waya.

Ban iya aiki ba yau. Na fasa koren gilashi har sau biyu.

Juma'a, 13 ga Satumba

Inna ta iso daga Guéchémé a motar kasuwa, ban kira ta ba, labari ya kai mata. Ta ɗaga Samira ta ja fatar idonta ta ce fari fat. Sai ta leƙa ɗakin aiki ta ga hasken a ƙasa.

“Nan kike aje ta? Rahina, ke ba ki san wa ka son ja ba? Wagga ba cutar likita ba ta.”

Na ce Inna don Allah. Ta ce in ba ta yarinyar ta kai ta gida, akwai masu sanin iskoki, su duba wace ce ta taɓa ta. Na ƙi. Mun yi cacar baki har maƙwabta suka yi shiru suna saurare. Ni da nake mata dariya a kan waɗannan abubuwan, yau sai da na rufe tagar da zane. Tsoro nake ji, ko na mene ne ban sani ba.

Lahadi, 15 ga Satumba

Mahmuda, maigidana, ya kira daga Sukukutane. Ruwa ya cinye hanya, kuma suna tsakiyar allurar shanu, ba zai samu zuwa ba sai ƙasa ta sha. Na ce masa da sauƙi. Ban san dalilin da ya sa na ce haka ba.

Talata, 17 ga Satumba

Ina mata wanka na kama ɗigon don in wanke ƙarƙashinsa. Dalmar da na zagaye shi da ita ta siranta, gefe ɗaya ta kusa ƙarewa. Duk sawun haƙora ne a jiki, ƙanana, a jere.

Na tsaya da soso a hannu har ruwan ya huce.

Wanda ya koya mini aikin nan a Yamai bai taɓa barin mu ci ko gyaɗa a ɗakin aiki ba. Sai ka wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, yana tsaye a kanka. Ya ce dalma ba ta ciwo a ranar, taruwa take yi. Na kiyaye. Ban taɓa cin abinci a ɗakin ba, tsintsiyar ɗakin ma daban take. Amma abin wuya ban taɓa lissafa shi a cikin dalma ba, ado na ɗauke shi, kuma yana rataye kusa da laya. Duk haƙoran yarinyar nan a kansa suka fito.

Na kai hannu zan kwance zaren, Inna ta riƙe ni. “Kul. Ɗiya ba ta da lahiya ki hidda mata tsari? Shi ka riƙon ta.” Ban iya gaya mata ba. Na tura ɗigon ta bayan wuya na ɗaure shi a rigar, kafin la'asar Samira ta jawo shi gaba.

Laraba, 18 ga Satumba

Na yanke shi da almakashi Inna tana salla, na bar layar. Samira ta yi ta lalube a ƙirjinta tana kuka. Ɗigon yana cikin gwangwanin allurai. Wataƙila ba shi ba ne. Yara suna rama bayan palu, kowa ya sani.

Alhamis, 19 ga Satumba

Na bincika illar dalma a waya. Da ban bincika ba.

Wata Bushira ta aiko hoton ɗanta da ɗigo a baki, ta rubuta “ya ƙi saki, a haɗa mini wani na ƙanwata”. Na kife wayar. Lambobinsu duk suna nan, daga Dogon Dutsi har Gaya da Birnin Kebbi. Idan na faɗa, shago ya mutu, kuma ni ce matar da ta rataya wa 'ya'yan mutane guba. Garin nan ba ya manta irin wannan. Idan ban faɗa ba...

Ban amsa mata ba. Ban kuma sauke hoton Samira ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Bayan azahar tana kwance a tabarma sai jikinta ya sanƙare, idanu suka juye, hannu yana fizga. Inna tana salati tana tofa mata addu'a. Ni ban san lokacin da na fita titi ba mayafi na tare kabu-kabu ba.

An yi mata allura, jijjigar ta tsaya. Likitar ta ce gwajin palu bai nuna komai ba, jininta kuma ya yi ƙasa sosai, tana ta tambaya me take ci, ko tana cin ƙasa, ko ana sa mata kwalli. Inna tana amsawa. Ni gwangwanin yana cikin jakata, ban ma tuna na ɗauko shi ba. Na fito da ɗigon na ajiye a kan tebur. Na ce dalma ce, ni na yi shi, ta fi shekara tana tsotsa.

Likitar ta juya shi a hannu ta ga sawun haƙoran. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta ce za su ɗebi jini su tura Yamai, nan ba a gwada wannan. Sai ta ce, “Ita kaɗai ke da shi?”

Inna ce ta amsa, muryarta ƙasa ƙasa: “Saidawa take yi.”

Lahadi, 22 ga Satumba

Muna asibiti. Samira tana barci da yawa. Inna ba ta ci komai ba, tana zaune a bakin gado tana murza zaren layar. Da ta buɗe baki sai ta ce, “Ni na ɗaura mata shi da hannuna.” Na ce ni na ƙera. Muka bar maganar a nan, kowa ta riƙe nata.

Litinin, 23 ga Satumba

Na fita bayan ɗakin yara, gindin bishiyar dogon yaro, na ɗauki saƙon murya. Na goge, na sake, na goge. Na farko duk kare kai ne, “wataƙila”, “don kiyayewa”. Na kalli ƙofar ɗakin da Samira take na ji kunyar kaina. Wanda na aika shi ne wannan, ina rubutawa don kar wata rana in ce na faɗi abin da ya fi haka kyau:

“Salamu alaikum. Rahina ta, mai gilashi ta Dogon Dutsi. Duk wadda ta sai ɗigo wajena, don Allah ta hidda shi daga wuyan ɗanta yanzu, kar ta jira gobe. Ƙarhen da ke kewaye da shi dalma na, guba na ga yaro in yana tsotsa. Ɗiyata da kuka gani cikin hoto tana kwance asibiti. In ɗanki ya bar cin abinci, ko cikinai na ciwo, ko ya yi sanyi, ki kai shi likita ki tahi da ɗigon ki gwada musu. Ki tura ma duk wadda kinka ba kyauta.”

Na aika wa kowa, na sa a shafi. Na zauna a ƙasa.

Laraba, 25 ga Satumba

Wayar ba ta huta ba. Wata ta zage ni har kakannina, na saurara har ƙarshe, ban ga inda ta yi ƙarya ba. Wata ta ce Allah ya saka. Wani mutum ya ce zai kai ni komisariya wurin 'yan sanda, na ce ina ɗakin yara, gado na kusa da taga. Bushira ta ce ɗanta lafiyarsa lau, masu hassada ne suka ruɗe ni. Na ɗauki hoton hannun Samira da robar ƙarin ruwa na aika mata. Ba ta amsa ba, amma ta buɗe.

Alhajin Doso ya ce a bar maganar ƙofa. Na ce masa gilashin ƙofa ba mai tsotsa, sai na ji yadda maganar ta fita, na bar ta a nan.

Lamba ɗaya ce ba ta shiga. Wata Fati, matar makiyayi, da wayar wanta aka yi cinikin, ɗigo biyu na tagwayenta. Suna can wajen Sukukutane. Na kira Mahmuda na gaya masa komai, har da ƙaryar “da sauƙi”. Sai ya ce, “Wace ruga?”

Asabar, 28 ga Satumba

Mahmuda ya iso, laka har cinya. Ya bi rugage uku a babur kafin ya same su, sun tashi daga inda suke. Ya zaro ɗigo biyu daga aljihu ya ba ni. Na kai su bakin taga na duba. Ɗaya sumul yake. Ɗayan ya fara sawu.

Ya ce ya yi musu bayani, wan Fati zai kawo yaran ranar kasuwa. Bai ce mini komai a kan laifi ba. Ya ɗauki Samira, ta kalle shi kamar baƙo. Ya juya mana baya yana jijjiga ta, na ga kafaɗunsa, kuka yake yi.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Sakamako ya dawo. Dalmar ce, kuma da yawa. Maganin da ke fitar da ita daga jini sai an nemo, likitar tana ta kiran Yamai. Na tambaye ta ko maganar Samira za ta dawo. Ta ce wani abu yana dawowa, wani ba ya dawowa, ba wanda zai gaya mini yanzu. Na so ta yi mini ƙarya.

Juma'a, 11 ga Oktoba

An fara maganin. Yana wari, tana tofarwa, Inna ce kaɗai ta iya ba ta. Tagwayen Fati sun zo, an ɗebi jininsu. Fati ta gaishe ni, ta tambayi mai jiki. Na kasa kallon wuyan 'ya'yanta.

Mata suna kawo ɗigo gida suna bai wa maƙwabciya. Ta ce sun kusa cika kwano.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Mun dawo gida tun makon jiya. Tana ci, jiya har ta miƙa hannu a ƙara mata wake. Tana tafiya tana dafa bango. Har yanzu takan laluba ƙirjinta, sai ta sami layar kaɗai ta saki.

Shago yana nan, saƙon nan ne a goshinsa inda hotonta yake a da. Har yau ana samun mai tambayar ɗigo, sai in tura mata muryata. Ƙarfen liƙi yana naɗe a buhu a saman soro. Mahmuda ya ce akwai masu haɗa gilashi da katako, in gwada. Na ce to. Ban ɗauko komai ba, abin yankan ma ban san inda na sa shi ba, kuma ban nema ba.

Mun wanke ɗakin aiki, an sake shafe ƙasan da siminti. Na yi niyyar in sa a cire tagar nan in fasa ta. Mahmuda ya ce tana sama, hannunta ba ya kaiwa, amma ba don haka na bar ta ba. Inna ce ta cire zanen da na rufe ta da shi, ba ta ce komai a kan masu son ja ba. Yanzu da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma a wurin, mu zauna mu uku.

Yau Samira ta rarrafa ta ɗora tafinta a kan jan hasken. Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da, tana jiran yabo. Bakinta ya motsa. Ni da Inna muka zuba mata ido. Ba ta ce komai ba.

Na tafa mata duk da haka. Gobe ma rana za ta biyo ta tagar.