Hannun da Ba Ya Gusawa

Litinin, 8 ga Yuli, 2024
Kwana arba'in da uku da rasuwar Malam Tasi'u. Takaba da saura. Daga ɗaki sai tsakar gida. An ce geronmu ya kai gwiwa, ban gani ba. Ɗakin yana yoyo daidai inda ya ce zai yaɓe kafin damina. Na tara tasa.

Alhamis, 11 ga Yuli
'Yata Asama'u ta koma makaranta Kano, ta bar min tsohuwar wayarta don karatun Alƙur'ani. Garin lalube na taɓo wani kiɗa. Ba murya, ba ganga. Na kira ta, ta ce fiyano ne, abin kiɗa da ake kaɗawa da hannu biyu, ɗaya na sautin sama, ɗaya na ƙasa, wani bature ya tsara shi tun da daɗewa a kan ruwan sama. Wai ba mai waƙa a ciki, Inna. Na ce duk da haka. Na yi istigfari.

Juma'a, 19 ga Yuli
Na sake ji. Sau biyu.

Lahadi, 28 ga Yuli
Akwai sauti ɗaya a ƙasa da ba ya gusawa, ɗis, ɗis, kamar tasar nan. Can tsakiya sai ya yi nauyi, irin hadarin gabas idan ya haɗo. Wanda ya yi wannan, shi ma an taɓa tsare shi a ɗaki. Ni da nake biya wa matan unguwa karatu! Ya kamata in goge.

Talata, 6 ga Agusta
Aina'u maƙwabciyata ta shigo da ɗanwake, ban kashe kiɗan da wuri ba. Ta tsaya, ta ce, "Malama, wannan kiɗan asibiti ne ko na coci?" Kunya kamar in nutse. Amma ta zauna har ya ƙare, ta ce ita hannun saman ta bi, mai ta yawonsa kamar yarinyar da aka aika ta ƙi dawowa. Ni duk kwanakin nan na ƙasan kawai nake ji.

Laraba, 14 ga Agusta
Ƙanin Malam, Sama'ilu, ya yaɓe rufin jiya. Sau uku ina ce masa ya bari tukuna. Yau da hantsi aka yi ruwa, ɗakin shiru. Na wanke tasar na kife. Na kunna, na bi hannun saman har bakin zaure, ina kan tabarmata.
Sai da la'asar na tuna ban goge ba. Gobe, in Allah ya so.