Mai Tabarau da Bangon Gwaggo

Anti, don Allah ki taimake ni. Kowa ya san ni da tsokana, amma yau ba da wasa na zo ba.

Gwaggona ce ta riƙe ni, kuma tun da na yi sauka nake aiki a gidan abincinta. Ginin tsoho ne, an ce ofishin Turawan mulki ne a da: bango mai kauri, doguwar baranda, tagogin katako masu kuka in an buɗe. Haya take yi a hannun hukuma, da shi take ciyar da mu duka.

To, wani mutum mai tabarau ya tsiri zuwa kullum da rana. Ba ya zama sai a kujerar da ke kallon ƙofar kicin. Kafin a kawo masa abinci zai miƙe yana ƙwanƙwasa bango da makullin motarsa, ya ɗaga kai yana duba katakon rufi, ya tambayi Gwaggo ko yana yoyo da damina. Ita kuwa sai dariya, har da ƙarin nama.

Ni dai hankalina bai kwanta ba, sai na gwada shi. Na zabga wa miyarsa gishirin da ko akuya ta lasa sai ta nemi rijiya. Wallahi ya cinye tas, ya yi godiya, washegari ya dawo. Anti, ai ba abinci ke kawo wannan ba. Ina zargin ginin yake so a ƙwace a ba shi.

Na faɗa wa Gwaggo, ta ce in ba ta wuri, ai ni ne na ce wa masu wanke-wanke fatalwar Bature na zaune a sito har suka bar aiki. Yanzu ga gaskiya a bakina, ba mai saurare. Yaya zan yi?

Mai Tsokana

Ɗana, zarginka ba na banza ba ne. Irin waɗannan gine-gine akwai masu sa musu ido, kuma ɗan haya ne ke jin labari daga ƙarshe. Amma duba ɗaya gefen. Mai son gini zai zauna inda zai ga baranda da titi, naka kuwa ƙofar kicin ya zaɓa. Ba ka ce min ko Gwaggo na da aure ba, kuma ban raina dariyar nan tata ba. Ta yiwu bangon hanyar jan hira ce kawai.

Ko ma wanne ne, ka fita harkar miyar mutane. Da ya yi ƙorafi a gaban jama'a, sunan Gwaggo ka ɓata.

Tunda maganarka ta yi arha a gida, ari bakin wani. Nemi babban da take jin nauyinsa, ka faɗa masa abin da idonka ya gani, ban da ƙari. Ya raka ta hukuma su tabbatar hayarta na nan daram, sannan ya zaunar da mai tabarau ya ji abin da ke tafe da shi. In gini ne, kun riga shi. In Gwaggo ce, ka fara koyon gaishe shi a durƙushe.

Allah ya bar muku wurinku, ya ƙara kasuwa.