Baƙar Giyar Worlanyo

Tema, watan Satumba

Davi Esinam, yayata,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanenki. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi, kuma teku bai sake shigo muku tsakar gida ba. Matata Dzigbordi da yara suna gaishe ki. Da waya zan kira, amma na san ƙarshenta: ni ina ihu, ke kina tambayar wa ke magana.

Direban da ya kawo wannan takarda zai ba ki 'yar kwalba naɗe cikin tsumma. Ba magani ba ne, kada ki shafa a gwiwa. Baƙar giya ce da na dafa bara, na zuba a gangar katako wadda aka taɓa ajiye barasar rake a ciki. Na sa mata koko da gasasshiyar kwakwa da ƙonannen sukari, don ina so ta fito kamar alawar kwakwar da kika yi ta sayarwa a ƙofar makaranta har na gama karatu.

Abokin sana'ata Kpodo yana so mu ɗura ta a kwalabe kafin Kirsimeti. Shi kuwa ko ruwan wanki aka ba shi cewa zai yi ya yi daɗi. Ni kuma mura ta toshe mini hanci. Ki ɗanɗana ki gaya mini gaskiya. Kaɗan fa, don ta ninka ta kanti sau uku a ƙarfi.

Ƙanenki mai ƙaunarki,
Worlanyo

Keta, watan Satumba

Worlanyo, ɗan autan uwata,

Na gode Allah da jin lafiyarku. Ƙafa tana nan, mun saba da juna.

Kai ka san rabona da giya tun ranar bikinka. Na ji tsoron sha ni kaɗai, sai na kira ƙawata Mawusi bayan mun taso daga koyon waƙa a coci, muka rufe taga muka raba a kofunan shayi. Da ta ga baƙinta sai ta ce ƙanena ya aiko mini da man inji.

To ga gaskiyar da ka nema. Ƙamshin ya yi, har sai da na juya ina neman tukunyar alawata. Amma a baki barasar ce ke fara tarbar mutum, kamar karen gida mai haushi, kwakwar tana can baya a raɓe. Ba ta nuna ba. Ka bar ta ta ƙara kwana. Mawusi ba ta yarda da ni ba, amma ita a lokacin ta riga ta cire ɗankwali tana rera muryar maza.

Yanzu sai taka gaskiyar. Ni na goya ka. Tun da ka fara wannan sana'a ban taɓa jin ranar da mura ta shiga tsakaninka da kofi ba, ko zazzaɓi bai iya ba. Rubutun hannunka ma ya canja. Me ke faruwa?

Ubangiji ya tsare ku.
Yayarka,
Esinam

Tema, watan Nuwamba

Davi,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa kan jinkirin amsa. Dzigbordi ta ce in ban rubuta ba ita za ta hau mota ta zo ta faɗa miki da bakinta.

Ba mura ba ce. Da damina idanuna suka yi rawaya, cikina ya kumbura, aka kwantar da ni asibiti. Hanta ce. Likitar da ta duba ni yarinya ce sa'ar 'yata, amma ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce abin da ya saura zai iya riƙe ni shekaru masu yawa, muddin ban ƙara kai ko cokali ɗaya bakina ba. Na ce mata aikina ke nan. Ta ce ita ma nata ke nan.

Ban sha ba tun ranar, Davi. Amma kullum da rana ina zuwa in zauna kusa da gangar, in cire toshiyar in shaƙa. Ban taɓa dafa abin da na sa wa rai kamar wannan ba, ga shi kowa zai san ɗanɗanonta ban da ni. Wani lokaci nakan ce kurɓa ɗaya ai ba za ta kashe mutum ba, in tofar ma in ya so. Wani lokaci kuma nakan ce in bar wa Kpodo wurin in koma gida in zauna. Mai dafa giyar da ba ya ɗanɗanawa, me ya rage masa?

Ga kwalba ta biyu. Na bi maganarki, na bar ta ta kwana.

Naki,
Worlanyo

Keta, watan Nuwamba

Ƙanena,

Na karanta takardarka a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Faɗan ɓoye mini da ka yi yana nan, na ajiye maka shi sai mun haɗu.

Wannan karon ni kaɗai na sha, a hankali, don in kawo maka labarin duka. Ka zauna ka karanta.

Tana zuba da kauri, kumfarta launin ƙasa. Farkon shigarta baki zaƙi ne, irin na sukari daidai lokacin da ya fara yin ja a tukunya, kafin ya ƙone. Sai koko ya biyo da ɗan ɗaci, ya hana zaƙin gundurar mutum. Kwakwar ba ta fitowa sai ka haɗiye, a nan take cika baki ta ƙi tafiya. Akwai ƙamshin itace kamar cikin tsohon akwatin mahaifiyarmu Dada. Barasar ta daina haushi, ta zama ɗumi kawai da ke sauka ƙirji. Ta nuna, Worlanyo. Ta fi alawata, kuma ka san ban taɓa faɗa wa kowa haka ba.

To ka ji ta ke nan, ba abin da kurɓa ɗaya za ta ƙara maka. Kuma na san ka: kai ba ka iya tofarwa ba. Hancinka lafiya lau, hannunka ya san aiki. Harshe ne kawai ka rasa, ni kuwa ina da shi yana zaman banza. Ka ce wa Dzigbordi ta share mini ɗakin baya, ina tafe ranar Asabar. Kafin nan, in ka taɓa toshiyar gangar nan, ka san ni.

Yayarka da ba ta gaji da kai ba,
Esinam

Tema, watan Disamba

Mawusi ƙawata,

Ina gaishe ki da mutanen gida. Ku nemi wata ta riƙe muryata a waƙar Kirsimeti, ba zan dawo ba sai bayan Ista. Jiya aka ɗura giyar a kwalabe. Worlanyo ya cika kofin farko da hannunsa, ya daɗe yana shaƙa, sannan ya miƙo mini ya fita waje. Da ya dawo ya ce akwai sabuwa da yake so ya dafa da ayaba, yaushe zan samu lokaci. Yana cin abinci, idanun sun fara washewa.

Ki shayar mini da barkonona. In Fasto ya tambaya, ki ce na samu aiki a Tema. In ya ce wane iri, ki ce ba ki ji da kyau ba.

Taki,
Esinam